Amfulin da Tela Ya Bar Mini

Daminar bana ce ta tara da ta sauka babu maigidana. Ya rasu gero na fitar da kai, shi ya sa ba na buƙatar kalanda. Da na ga gonakin bakin Gidan Rumji sun fara yin kai, jikina yakan sani tun kafin in tuna. A garin nan Tela ake ce masa, don ɗinki ne sana'arsa, yana da rumfa a bakin kasuwa. Waɗanda suka yi aure a zamaninsa kuwa, Tela mai jita suka sani. Ni malamar lakol ce, na koyar har gwiwoyina suka ƙi tsayuwa, na ajiye alli. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana na ce bari in rubuta, don abin da ya bar mini in kula da shi ya yi shiru, ni ma kuma na gaji.

Abin nan amfuli ne, wato akwatin da ake jona jita a jikinsa sauti ya fito da ƙarfi. Ba irin na yanzu ba ne. Tsoho ne ƙwarai, na katako, mai nauyin da mace ɗaya ba ta ɗaga shi sai da nishi. A bayansa akwai wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan fitila. In an kunna shi sai su yi ja a hankali, su ɗauki zafi, kuma sai sun yi zafin yake magana.

A kasuwar Gangara ya same shi. Ya je kai wa wani mai sayen hatsi ɗinki, ya tarar da mutumin zaune a kan wani akwati yana awon wake. Da ya duba da kyau sai ya ga maɓallai a jikin abin da aka mai da kujera. Mai hatsin ya ce a tarkacen wani tsohon gidan samari ya tsince shi, tun zamanin da kowane gari ke da 'yan kiɗansa, kuma bai san masa wani amfani ba in ba zama ba. Suka daidaita a kan Tela zai ɗinka wa iyalinsa kayan Sallah. Ya ɗora akwatin a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kawo su gida.

Ina tankaɗe a tsakar gida ya shigo da shi, yana haki. Warin abin ne ya fara iso ni.

"Malam, mine ne wannan kuma?"

"Amfuli ne, Rabi. Irinsa ba ya samuwa yanzu."

"To ai ga alama ɓeraye sun riga ka samu."

Ya yi dariya, ya cire katakon baya. Gidan ɓera ne sosai a ciki, da tsummoki da ɓawon gyaɗa. Gara ta cinye ƙasan, takardar lasifikar ta yage, wasu daga cikin kwalaben sun fashe. Na dube shi, na ga fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Na koma kan tankaɗena.

Gyaran ya ci fiye da shekara. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Isuhu mai gyaran rediyo a Agiye, shi ne ya riƙa zuwa a kan moto, wato babur, duk sa'ad da ya samu sarari. Suka raba aikin. Isuhu ya ɗauki wayoyi da dalma, Tela ya ɗauki katako da yadi. Kafinta ya sake ƙasan akwatin. Tela ya manne yagewar lasifikar da wani siririn ƙyalle da gam, ya rufe gaban da saƙi baƙi da fari, ya ja shi ya miƙe kamar fatar ganga. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko an cire abin daga soket, Isuhu ya sha gaya masa kada ya sa hannu wurin. Wata rana ya sa. Na ji ƙara, na fito na tarar da shi zaune a ƙasa yana riƙe da hannunsa. Babban yatsansa ya yi kwanaki bai san an taɓa shi ba, ko zare ya kasa zurawa a allura. Da Isuhu ya ji bai ko yi masa sannu ba. Ya ce, "Na ce maka abin nan ko a kashe yake yana cizo."

Kwalaben ne suka fi ba su wahala. An zaga Maraɗi ba a samu ba, sai Kano. Wani direban da ke bin hanyar ya kawo na farko, suka iso a farfashe. Tela bai ci abinci ba ranar. Da direban zai koma, sai Tela ya ba shi kwanon abincinmu mai murfi, ya cika shi da auduga, ya ce a ciki za a sako su. Haka suka zo lafiya, kamar ƙwan zabi.

Da hantsi aka fara kunna shi, bayan an kwana ana ruwa. Kwalaben suka yi ja. Aka ji wani gunji ƙasa-ƙasa kamar na ƙudan zuma a cikin kogon itace. Tela ya jona jitarsa, ya tsaya yana kallon Isuhu, Isuhu ya ɗaga masa kai. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Ni ba masaniyar kiɗa ba ce, amma na san abin da na ji. Sauti ne mai kauri, mai ɗumi, ba ya soke kunne, a ƙirji ake jin sa. Matan maƙwabta da ke daka suka tsayar da taɓare. Mahaifiyarsa, wadda ta zo mana daga Tibiri, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Wannan ne abin da ya hana ka sukuni? To, Allah ya sa alheri." Ta saki labule. Gidansu gidan karatu ne, ba su taɓa son jitar ba, kuma abin da ya samu daga gare su ke nan. Ya ishe shi.

Daga nan amfulin ya shiga duniya. Bikin aure, suna, taron manoma bayan girbi, daga Gidan Sori har Gazawa an ɗauke shi a amalanke, an ɗauke shi a bayan moto an naɗe da bargo. Ba ya fara kiɗa sai kwalaben sun yi zafi yadda yake so. Samari su yi ta ihu, "Tela, a fara mana!" Shi kuwa ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya ce, "Bai farka ba tukuna." In aka kira salla ya kashe, in aka dawo a sake jira. Mutane sun yi ta ƙorafi a kan jiran nan, amma ba su fasa kiran sa ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu akwatunan roba ne masu batir da fitilu masu walƙiya, a jona su da wayar salula, yaro ya danna waƙa ta fito daga wata ƙasa. Ba jira, ba gumi. Ina jin da farko zai yi tsaki, daga baya ya je ya tsuguna ya leƙa bayansu ya ga yadda aka yi su, don shi mutum ne mai son sanin cikin abu. Ba wannan ne zai dame shi ba. Abin da zai dame shi shi ne hanyoyin da ya saba bi da amfulinsa, waɗanda yanzu mutum ba ya bin su sai ya tambaya ko lafiya. Ƙauyukan bakin iyaka da ya yi wa kiɗa, wasu an ɗaura aure a gaggauce an watse tun rana na sama, wasu ma babu kowa a cikinsu. Shi da bai iya jin labarin rasuwa bai ajiye almakashi ba, ban san yadda zai ɗauki labaran da muke karyawa da su kowace safiya ba. Wani lokaci nakan ce Allah ya hutar da shi ne.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya sa aka jawo amfulin kusa da shimfiɗarsa, ya koya mini. Wannan maɓalli za ki fara ɗagawa, ki bari su yi ja, sannan wancan. Kada ki kunna in wayar lasifika ba ta jone. Kada ki sa hannu a ciki. Ya ce in abin ya daɗe bai ga wuta ba, cikinsa lalacewa yake yi, kamar gidan da babu kowa.

"Ko ba mai kaɗawa, Rabi, ki riƙa ɗumama shi. Kada ki bari ya yi sanyi."

Na ce to. Mutum na kwance a wannan hali, me za ka ce masa in ba to ba?

Na riƙe wannan to ɗin shekara da shekaru. Duk mako nakan kunna shi in zauna in ji gunjinsa, in kashe. Da damina in ɗora shi a kan bulo saboda danshi, in duba ƙasansa ko gara ta dawo. Da rani in kakkaɓe ƙura da gashin kaza. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa, wani lokaci ina tsakiyar alwala za a kawo shi, in bar buta in ruga kafin a ɗauke. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ba kullum ne nake yin haka da daɗin rai ba. Akwai ranakun da nake kallon kwalaben nan in ji kamar majinyaci na biyu aka bar mini. Wata rana na ga kan ɗaya ya yi fari kamar an shafa masa toka. Na aika wa Isuhu, ya zo ya ce iska ta shige ta, ta mutu. Ya sa wadda Tela ya ajiye a cikin kwanon audugar nan, ya ce, "Ita ce ta ƙarshe, Madam. Ko a Kano ma yanzu sai an dace, ga hanya yadda take." Shi kansa Isuhun idonsa ya fara hazo, da lalube yake yawancin aikin. Ya bar gyaran rediyo, don ba mai kawowa.

Ɗiyata Balki da ke aure a Maraɗi ta daɗe tana cewa in koma wurinta, in huta da zaman kaɗaici. Na yi ta ce mata sai bayan girbi, girbi ya yi ta wucewa. Ta san dalilin. Ɗaki guda za ta ba ni, kuma gidanta cike yake da yara masu sa hannu a komai.

Bara waccan ne baƙi suka sauka a gidana. Daga ƙetaren iyaka suka gudo, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinsu. Mai unguwa ya zo ya ce ina da ɗakuna babu kowa, na ce bismilla. Magidanci ne mai suna Garba, da matarsa Hajara, da 'yarsu budurwa Asma'u. Sun bar ɗansu namiji a can, a ƙarƙashin ƙasa. Garba ya riƙa yin ƙwadago a gonakin mutane. Hajara kuwa ba ta da magana. Takan share gidan har inda ba a sa ta ba, ta yi wanki, ta koma ta zauna tana kallon bango. Mun yi watanni ban ga haƙorinta ba.

Wata rana na kunna amfulin, na ji an yi sallama a bakin ƙofa. Garba ne, da fartanya a kafaɗa.

"Madam, ki gafarce ni. Wanga gunji, ba na amfuli mai kwalabe ba ne?"

Na ce shi ne, ina ya san shi? Ya ce da yana saurayi sun yi ƙungiyar kiɗa a garinsu, shi ne mai jita, kuma sun taɓa aron irinsa. Na nuna masa jitar Tela a rataye. Ya dube ta ya daɗe, bai taɓa ba. Ya ce hannunsa duk kanta ce yanzu, ya fita.

Bai sake tayar da maganar ba sai bana, da aka sa ranar auren Asma'u da wani saurayi ɗan garinsu da suka gudo tare. Ya zo ya tsuguna nesa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ba su da abin da za su yi wa yarinyar nan, ba gado, ba jere, ba dangi. Yana so ko da kiɗa ne ya yi mata da hannunsa, kada ta tuna aurenta kamar zaman makoki.

Na kira Isuhu. Ya ce matsalar ba ta Garba ba ce, ta wuta ce. Kuran ba abin dogaro ba ne, sai dai a ari gurup, wato injin ba da wuta, wutar gurup kuwa hawa da sauka take yi, tsohon taransifon da ke cikin amfulin, wato abin da ke daidaita masa wuta, ba lallai ya jure ba. In ya ƙone, shi ke nan.

"Ke za ki yanke, Madam. Ke aka bar wa."

Na yi kwanaki ina juya maganar. An ce in ɗumama shi, ba a ce in ba da aro ba. Amma na tuna ban taɓa ganin Tela ya ɗumama shi don ya zauna ya kalle shi ba. Na aika wa Balki ta sayo sababbin tsirkiyoyi, na ce wa Garba ya zo ya ɗauki jitar ya fara sabawa.

Bayan la'asar aka yi taron, a ƙofar gidana, da gurup ɗin aro. Isuhu ya zo tun da rana, ya sa kujera kusa da amfulin, ya ɗora hannunsa a kai yana auna zafi. Garba ya fara da kyar. Yatsunsa sun yi tauri, yana kuskure yana komawa, gumi na zuba masa. 'Yan matan da suka saba da waƙar salula suka fara duban juna. Sai ga matan unguwa, sa'o'ina, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, don sun ji muryar da suka sani. Wata tsohuwa da ake kira Iya Ta Ƙofa ta tsaya a gaban Garba ta ɗauko wata waƙar amarya da Tela ya saba kaɗawa. Garba bai san ta ba. Ya saurara, ya lalubo ta a kan tsirkiya, sauran matan suka karɓa da tafi. Kafin a zagayo baiti na biyu ya kama hanya, hannunsa ya saki. Na ga mata masu jikoki suna gyara ɗaurin zane suna shiga fili. Na ga an jawo Hajara, tana ƙi, tana rufe fuska da mayafi, har ƙafarta ta fara bin kiɗan ba da saninta ba. Ta yi rawa tana kuka, daga baya kukan ya tsaya rawar ba ta tsaya ba.

Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba, sai na ji wari kamar na ƙonannen roba. Sautin ya yi ƙasa, ya shaƙe, ya ɗauke. Isuhu ya fizge waya. Matan ba su ma lura da wuri ba, sun ci gaba da tafi da baki har suka kai ƙarshen waƙar.

Washegari Isuhu ya buɗe bayan, ya sunsuna, ya mayar da katakon. Taransifon ne. Ya ce akwai wani tsoho a Maraɗi da ya iya sake naɗa irinsa da hannu, amma ya rasu, bai san ko ya bar wani ba. Garba ya zo yana ba ni haƙuri kamar wanda ya kashe rai, na ce ya tashi, ni na ba shi. Na jira in ji baƙin ciki. Abin da ya zo mini sauƙi ne, irin na wanda ya sauke tulu bayan doguwar tafiya, wuyansa na ciwo amma kansa ya yi sakayau. Da Tela na nan, na san zai fara da faɗa a kan gurup ɗin. In ya huce sai ya tambaya ko an yi rawa.

Amfulin yana wurin Isuhu yanzu, ya ce zai yi ta tambaya. Ban sa rai ba. Jitar na bar wa Garba. Ni kuma na gaya wa Balki ta share mini ɗakin, in an yi girbin bana ina tafe, kuma wannan karon da gaske nake.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da ya rage na maigidana yana cikin akwatin nan, in ya mutu shi ma ya ƙara mutuwa. Ranar bikin na ga ba haka ba ne. Rumfarsa ta zama ta mai cajin salula, rigunan da ya ɗinka sun tsufa an yi tsumma da su. Amma matan da ya yi wa kiɗan aure ba su manta ko kalma ɗaya ba, har suka koya wa baƙon da bai taɓa ganin sa ba. Ban san ko wannan zai wuce zamaninmu ba. Wataƙila in mun tafi ya tafi. Ni dai na daina jin cewa a wuyana kaɗai yake.

Bayan an kai amarya da 'yan kwanaki, Hajara ta shigo ɗakina da ƙwaryar fura. Ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, shi mai amfulin nan, mi ne ne sunansa na yanka? Kowa Tela yake cewa. Muna so mu riƙa sa shi cikin addu'a, ga Allah kuwa ba a kai Tela."

Na buɗe baki na tsaya. Tun ranar da aka kawo ni gidansa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa, haka aka tarbiyyantar da mu.

Na ce, "Lawali."

Ta maimaita a hankali don kada ya ɓace mata. Sannan ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Allah ya ji ƙan Lawali, ya sanyaya makwancinsa, ya haɗa shi da ɗan Hajara a inda babu gudu.